Katakon Ulali da Goshin 'Yarta

Duk wanda aka haifa a ƙauyenmu ya bi ta hannun Ulali, kuma ban san mutum ɗaya da zai ce yana sonta ba. Ni dai ban so ta ba, na kuma faɗa tun tana raye, ba sai yanzu da ƙasa ta rufe mata ido ba. Doguwar mace ce busasshiya, hannuwanta manya kamar na masunci, in ta buɗe baki sai ka ce rogo ake gurzawa. Ita ce ungozomarmu a tsibirin Yurumen, ita ce kuma mai ɗaurin kai.

Ku da aka haifa a wannan gaɓar kuna yi wa goshinmu dariya, wai kamar an zauna mana a kai. Ku yi ta yi, ba laifinku ba ne. Mu baƙaƙe ne, bayin da ke saran rake a gonakin Turawa su ma baƙaƙe ne, to da me za a bambanta ɗa da bawa? Shi ya sa jariri na faɗowa, tun kansa da taushi, ake sa masa ɗan katako a goshi, wani a ƙeya, a shimfiɗa auduga, a ɗaure da igiya. Kullum a ƙara tamkewa kaɗan har wata huɗu. Ranar da aka kwance, goshi ya kwanta ke nan har abada. Duk Baturen da ya tare ka a hanya, kallo ɗaya zai yi maka ya san kai ba dukiyar kowa ba ne.

Aikin Ulali ke nan, kuma ba ta wasa da shi. Kowace safiya sai ta zaga gidajen masu jego, ta sa yatsa ta taɓa igiya. In ta ji an sassauta, ba ta tambayar wa ya yi, uwar za ta kwaɗa wa mari a gaban mijinta.

“Kukan wata huɗu ko bulalar shekara arba'in,” haka take cewa. “Zaɓar masa ɗaya, ke mai tausayi.”

Tsibirin namu ne tun kakanni, amma ba ka jin haka a bakin Turawa. Faransawa na sayar mana da bindiga da giya, suna yi wa yaranmu baftisma, suna kiranmu 'yan'uwa duk ranar da suke bukatar kwalekwalenmu. Ingilishi ba sa kiranmu komai, ƙasar kawai suke so su shuka rake. Su yi faɗansu can bayan teku, su zauna su sa hannu a takarda, mu wayi gari a ce mana an ba da mu. Haka aka yi ta wasa da mu tun kafin a haife ni.

Ulali ta haifi 'ya'ya huɗu, duk ta binne su da hannunta, wannan zazzaɓi, wannan gudawa. Har an cire mata rai da haihuwa sai ga cikin na biyar. Ta haifi mace a shekarar da jiragen Faransawa suka cika gaɓa suka kori Ingilishi daga sansaninsu, aka sa mata Filisite. Surukata ce ta ba ni labarin, don gidansu na jikin juna. Ta ce Ulali ta ɗaure kan yarinyar kamar na kowa. Kwana tara yarinya na tsala ihu, ta ƙi nono, ta fara yin laushi. Ranar na tara limamin cocin Faransawa ya shigo ƙauye, ya ga katako, ya yi ta faɗa wai wannan dabbanci ne, wai zamanin tsoro ya wuce, tsibiri ya koma hannun Faransa har abada, ba wanda zai ƙara duba goshin kowa. Da a wani gida ya faɗi haka, da Ulali ta kore shi da muciya. Amma a ranar abin da take son ji ke nan. Yana juya baya ta kwance igiyar.

Shekara huɗu “har abada” ɗin ta yi. Faransawa suka sa hannu a wata takardar, suka kwashe kayansu, Ingilishi suka dawo. A lokacin kan Filisite ya riga ya yi ƙwari, goshinta a tsaye ƙyam, irin na bayin gonar rake.

Tun daga nan Ulali ta ƙara tsanani a kan 'ya'yan mutane, kamar a kansu za ta rama abin da ta yi wa tata. Ni na ɗanɗana. Ina amarya a ƙauyen na haifi ɗana na fari, Damase. Kwanansa ashirin cikin katako ya fara amai, idonsa na juyewa, jikinsa na jijjiga. Na durƙusa mata har ƙasa.

“Iya, don Allah ki sassauta masa ko na wuni ɗaya ne.”

“Ba a sassautawa.”

“Iya, shiɗewa yake yi!”

“Dorote, na ɗaure kan mijinki, na ɗaure na ƙannensa uku. Ke za ki koya mini? Tashi ki ba shi nono.”

Kwana uku bayan haka ya mutu, katakon na kansa. Ban ce katako ne ya kashe shi ba, zazzaɓi ma na kwashe yara a lokacin. Amma ranar jana'iza wa ta aiko ta kawo mana ruwa? Filisite, 'yar shekara goma sha ɗaya, da goshinta zagayayye lafiyayye wanda aka ji tausayinsa. Na kalli goshin nan na ji wani abu ya zauna mini a ƙirji, kuma bai tashi ba.

Abin haushin, yarinyar ba ta da abin ƙi. Ga fara'a, ga hannu a aiki, gurasar rogonta ba ta ƙonewa. 'Yan mata na tsokanarta a rafi, “Goshin Faransa, zo a ɗora miki tulu biyu, ai akwai wuri!” Sai ta yi dariya ta ce su masu kai kamar bayan kwalekwale su yi mata shiru. Uwar ce ba ta dariya. Kullum sai ta ja mata ɗankwali har gira, kuma ba ta taɓa barinta ta ƙetare kogin da ya raba mu da gonakin Ingilishi ba, ko kasuwa. Duk rayuwar Ulali ta koma abu ɗaya, kada wani Bature ya ga goshin nan.

Filisite na da shekara goma sha shida ta auri Anatol, wani mai sassaƙa kwalekwale. A shekarar Faransawa suka sake ɓullowa. Wannan karon sun ce sun yanka sarkinsu, kowa da kowa ɗaya ne, mu tashi mu kori Ingilishi, su za su tsaya mana. Suka sauke mana albarushi buhu-buhu. Mazanmu suka tashi, aka ƙone gonakin rake, hayaƙi ya rufe rana, muka yi rawa muna cewa an gama. Shekara ta zagayo, jiragen Ingilishi suka iso ba a iya ƙirga su. Sojan Faransa suka ajiye bindiga, aka karɓe su da mutunci, aka sa su a jirgi da akwatunansu. Mu ba wanda ya tuna da mu a takardar. Ingilishi suka bi gonakin rogonmu suna ƙonewa, suka farfasa kwalekwale, suka bar yunwa ta yi musu sauran aikin. Anatol ya mutu a wani kwari, ko gawarsa ba a ɗauko ba.

A daji Filisite ta haihu, namiji, aka sa masa Tuse. Wajen gudu Ulali ta zubar da tukunya, ta zubar da zannuwa, amma katakonta biyu da igiya suna ɗaure a ƙugunta. Ina wurin ta ɗaure kan yaron, ni ma da tawa jaririyar a baya. Ta tamke shi tamau, yaro na ihu, uwarsa na kuka.

“Inna, ai ni kin bar ni,” in ji Filisite.

“Shi ya sa,” in ji Ulali, ta ƙara jan igiyar.

Yunwa ta fito da mu daga daji, muka miƙa kanmu. Suka kwashe mu kaf, mu fiye da dubu huɗu, suka zube a Baliso, wani ɗan tsibirin dutse da ba rafi, ba inuwa. Garin da suke ba mu duk tsutsa ne. Sai zazzaɓi ya shigo. Kai, ba na son tuna Baliso. Da safe ka gaisa da mutum, da yamma ka taya jan ƙafarsa zuwa rami. Mijina ya tafi, surukata ta tafi. 'Yata ta riƙe har wata biyar, sannan ita ma ta bi su. Nonona bai san ta mutu ba, ya ci gaba da zuba yana jiƙa mini riga.

Kwana uku da binne ta, da hantsi, kwalekwale ya kawo mutum uku. Akwai hafsan Ingilishi, wani yaro-yaro da ƙyalle a hanci saboda wari. Akwai wakilin masu gonakin rake, da sanda a hannu, ya zo neman bayinsu da suka gudo cikinmu lokacin yaƙi. Na ukun tafinta ne, kuma mun san shi sarai, Musye Gabo, Bafaranshen da ya shekara goma yana sayar mana da albarushi yana cin kifi a gidajenmu. Yanzu ga shi a bayan hafsan Ingilishi, hularsa a hannu.

Aka jera mu a rana. Mai sanda na bi yana ɗaga ɗankwalin mata da bakin sandar. Goshi a kwance, ya wuce. Goshi a tsaye, a ja mutum gefe. Ba a tambayar suna.

Ulali ta karɓi Tuse daga hannun uwarsa, ta tura ta bayanta. Amma ina za ka ɓoye mutum a kan dutse? Sanda ta ɗaga ɗankwali, sojoji biyu masu gadinmu suka kama Filisite.

“'Yata ce!” Ulali ta yi tsawa da Faransanci. “Ni na haife ta, a kan gwiwata! Musye Gabo, kai ka san ta. Gurasar wa kake ci in ka zo gidana?”

Gabo ya kalli ƙasa. “Iya, ni fassara kawai nake yi.”

“To fassara, ɗan banza! Ka ce masa limaminku ne ya sa na kwance mata. Ku kuka ce har abada!”

Ya faɗa wa hafsan wani abu gajere, wanda bai kai rabin abin da ta ce ba. Hafsan ya tambayi ko wacece tsohuwar, Gabo ya ce ita ce mai ɗaure kan jariran ƙabilar. Mai sanda ya fashe da dariya. Mai ɗaurin kai da kanta, ta bar 'yar cikinta? Hafsan dai bai yi dariya ba, ya gaji, yana son ya bar wurin. Ya ce a samo mace ɗaya daga ƙauyensu ta shaida, in ta ce 'yarta ce, a sake ta. Matan ƙauyenmu da suka rage a tsaye ba su fi biyar ba, ni ce kuma mafi kusa.

Gabo ya ce, “Dorote, yarinyar nan 'yar Ulali ce?”

Kalma ɗaya ake nema a bakina. Ulali ta juyo ta kalle ni, karo na farko a rayuwata da na ga roƙo a idon matar nan. Ni kuwa rigata a jiƙe, 'ya'yana biyu a ƙasa, ga tata a tsaye da ranta, ga jikanta a hannu. Ba zan ce shaiɗan ba ne, ba zan ce zazzaɓi ba ne. Ni ce.

Na ce, “Ni dai abin da na sani, Iya Ulali ba ta sassauta wa ɗan kowa. Nawa yana shiɗewa na roƙe ta, ta ce ba a sassautawa.”

Ban yi ƙarya ko ta kalma ɗaya ba, kuma na san abin da nake yi. Wannan kam Gabo ya fassara shi tsaf. Hafsan ya ɗaga hannu, aka ɗaure wa Filisite igiya a ƙugu.

Yarinyar ba ta ma kalle ni ba. Hannu ta miƙa wa uwarta. “Inna, ba ni shi. Ba ni Tuse, bai sha ba tun safe.”

Mai sanda ya ji, ya tambayi Gabo, fuskarsa ta washe. Ɗan baiwa ai bawa ne, an samu biyu ke nan. Ya matso zai karɓi yaron. Na ga Ulali ta tsaya cak, kamar ƙiftawar ido biyu. Sai ta yaye zanen da ke kan jaririn, ta ɗaga shi sama a gaban hafsan. Sati biyu ke nan da kwance masa katako, goshin ya kwanta sumul, aikin da ba ta taɓa yin wanda ya fi shi kyau ba.

“Dubi kan nan,” ta ce. “Wannan kan bawa ne? Kun kama ni, ƙarya nake yi. Baiwa ce, ta gudo mana lokacin yaƙi, muka sa ta raino. Yaron na waccan ne.” Ta nuno ni da haɓa. “Ku dubi rigarta.”

“Inna!” Filisite ta ƙwalla ƙara. “Inna, me kike faɗa? Ɗana ne! Ku tambayi kowa, ɗana ne!”

Ta fizge daga hannun sojan ta rarumo ƙafar yaron. Ulali ta ɗauke ta da mari, irin wanda take yi wa masu jego, har yarinyar ta zube a kan dutse.

“Sakar mana ɗa, baiwar banza! Wa ye innarki a nan?”

Ta dangwara mini yaron a ƙirji. Ya ji ƙamshin nono ya kama nan take, yana zuƙa kamar zai cire mini rai. Gabo ya sake tambayata, “Dorote, naki ne?”

Na ce, “Nawa ne.”

Mai sanda ya so ya yi gardama, amma hafsan ya riga ya yanke hukunci da goshi, ba zai warware da bakinsa ba, kuma umarnin da aka ba shi shi ne kada mai irin kanmu ko ɗaya ya koma Yurumen. Aka ja Filisite zuwa kwalekwale. Ulali ta juya wa teku baya, ta zauna, ta ƙura wa dutse ido. Ni ce na kalla. Yarinyar na tsaye a cikin kwalekwalen, jini a leɓenta, tana kiran ɗanta, tana tsine wa uwarta da duk kalmar da ta sani, har muryar ta daina isowa. Ba mu ƙara jin labarinta ba, ko a wace gona aka kai ta.

Bayan wata ɗaya suka loda ragowarmu a jirgi, rabin waɗanda aka kawo, suka zubar a tsibirin Rubadan, daga can muka ƙetaro nan. Ni da Ulali ɗaki ɗaya muka zauna, don ba mu da kowa, kuma yaron na bukatar nonona da hannunta. Shekara goma sha huɗu muna ci a akushi ɗaya. Ta zage ni a kan gishiri, ta zage ni a kan itace jiƙaƙƙe, ta ce gurasata sai kare. Amma maganar Baliso ba ta taɓa fitowa daga bakinta ba, ko sau ɗaya. Wallahi da ta tashi wata rana ta fasa mini kai da taɓarya da na fi samun sauƙi. Tuse ya girma yana ce mini Inna, ita kuma ba ta taɓa gyara masa ba.

Ciwon ajalinta bai daɗe ba. Ranar ƙarshe Tuse ya fita kamun kifi da sauran maza, rana ta take, ina zaune ina kore mata ƙuda. Ta rame har hannuwan nan sun fi ƙarfin jikinta. Sai ta kira sunana.

“Dorote.”

“Na'am, Iya.”

“Ke kika kalli kwalekwalen.”

Na ce, “Ni ce.”

“Ta gane? Kafin su yi nisa, ta gane abin da ya sa?”

Shekara goma sha huɗu ina jiran ranar da za ta tuhume ni, na shirya amsoshi iri-iri, ashe ba wannan ke cinta ba. Na dube ta, tsohuwar da ta ƙi jin roƙona, wadda ni ma na ƙi jin nata.

Na ce, “Ta gane, Iya. Da suka kai bakin duwatsu ta yi shiru. Ta ga yaron na shan nono, ta ɗaga miki hannu. Bayanki kika juya, shi ya sa ba ki gani ba.”

Sai ta ja tsaki, irin nata na da.

“Maƙaryaciya. Baya na juya, ba kurmancewa na yi ba. Har yau ina jin ta.”

“To don me kika tambaye ni?”

Ta lalubo hannuna ta riƙe, riƙon ba ƙarfi.

“Sake faɗa,” ta ce.

Na sake faɗa. Ta ce in ƙara, na ƙara. Ina cikin faɗa na biyar ko na shida na ji hannun ya saki, amma ban tsaya ba sai da na kai ƙarshen maganar.